Ruwan Zafi a Ƙafar Hagu

Yayana direban babbar mota ne, ni kuma mai wayarin, a garejin kamfani ɗaya. Shi ya samo mini aikin.

Motarsa ita ce lamba tara. Kowace ƙafarta tana da sensa, ɗan ƙarfe bai fi yatsa ba, mai auna zafin birki ya aika wa allon da ke gaban direba. Sati uku ke nan, duk ya sauko gangaren dutse da kaya sai allon ya yi ja: ƙafar baya ta hagu ta yi zafi. Sai ya tsaya gefen hanya har ta huce. Kaya su makara.

Makanikai sun kwance hagun sau biyu, ba su ga komai ba. Aka ce to matsalar wuta ce, aka turo mini. Na canja sensa. Na sa mita na bi waya daga taya har allo, ba inda ta yanke, ba inda ta taɓa bodi. Na wanke soket. Na rubuta cewa komai daidai yake, na sa hannu.

"Auta, dama ce ke ƙauri," in ji Yaya. "Na sauka na kai hannu, saura kaɗan in bar fatata a wurin."

"Allo ya ce hagu."

"Allon ne ke shaƙa ko ni?"

"Mita ba ta ƙarya, Yaya."

Ya dube ni. Bai sake cewa komai ba, har a gida. Matarsa ce ke miƙo mini abinci ta ƙofa.

Lissafin Manaja gajere ne. Birki lafiya, waya lafiya, saura ƙafar direba. Ya ce Yaya na kwana a kan birki ne, sannan ya dawo yana ƙirƙiro labarin dama. Ran Alhamis da safe ya kira shi ofis ya ce ya kawo makulli. Takardar da na sa wa hannu tana kan tebur.

Ina cikin rami ƙarƙashin lamba tara, ba abin da nake yi, ina dai riƙe da mita, sai na ga takalman Baba Fiyus. Shi ne mai wayarin na garejin kafin a haife ni. Ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni, amma kullum sai ya zo ya zauna a benci da filas ɗinsa yana gaya wa kowa abin da ya yi ba daidai ba.

"Injiniya, barci kake a ciki?"

"Ina dubawa, Baba."

"Ka tambayi wayar ko tana da rai, ta ce tana da shi. Ka tambaye ta 'yar wace ƙafa ce?"

Ban gane ba.

"Fito. Hau ka murɗa makulli, kada ka tayar. Zuba wa allon ido."

Na hau. Allo ya nuna zafin ƙafafun baya biyu duk ashirin da shida. Ta madubi na ga ya durƙusa da ƙyar wajen tayar hagu, yana laluben sensa da yatsu. Ya buɗe filas ya tsiyaya mata ruwan shayinsa a hankali.

"Me ka gani?"

Hagu ba ta motsa ba. Dama ce ta fara hawa. Talatin da biyar. Arba'in da takwas. Sittin.

Sai na tuna. Wata uku da suka wuce ɓera ya ci wayoyin bayan motar, ni na sake su. Waya mai kala ɗaya ce kaɗai a sito, baƙa. Filogi biyu iri ɗaya, suna rataye kusa da juna. Na cusa na hagu a ramin dama, na dama a ramin hagu. Tun ranar motar take faɗin gaskiya da sunan da ba shi ba.

"Na ce me ka gani?"

"Dama ce, Baba."

"To."

Na sauko. Yana rufe filas, bai ko kalle ni ba.

"Ni na juya su," na ce.

"Ni ban tambaye ka ba. Ni makaho ne, shayina ne ya zube." Ya nuna ofis da haɓa. "Ƙofar can dai a buɗe take, kuma ƙafarka ta fi tawa sauri."

Da ya so, da ya kira kowa ya zo kallo. Ya koma bencinsa ya zauna.

Na tarar Yaya ya ajiye makulli, yana ninke hularsa. Na faɗi abin da na yi, ban ƙara ba, ban rage ba. Manaja ya cire tabarau ya sa aka kwance dama a gabansa. Birkin ya daɗe yana riƙewa, ya cinye har ƙarfe, gangar birkin ta yi shuɗi don ƙuna. Babban makanike ya yi salati. Ya ce saukar gangare ɗaya ko biyu ta rage wa motar kafin birki ya tsinke.

Manaja ya yage takardata, ya rubuta mini ta gargaɗi. Na karɓa da hannu biyu. Ya tura wa Yaya makulli, bai ce masa yi haƙuri ba.

A waje na tsaya ina jiran mari. Na cancanta. Yaya ya wuce ni ya je wurin akwatin kayana, ya ɗauko jan tef.

"Wanne ne hannunka na cin abinci?"

Na miƙa. Ya naɗa mini tef ɗin a wuyan hannu, zagaye uku.

"Wannan ita ce dama. Kada ka cire sai ka haddace."

Gareji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na yanki guntun tef ɗin, na shiga rami na mayar da filogin inda suke, na naɗa wa na dama. Sannan na ɗauki filas ɗin Baba na nufi wurin mai shayi.

"Injiniya!" ya ƙwala mini daga benci. "Da madara. Wanda na zubar ma da madara ne."