Sakan Tara

Nono ya malale a tsakiyar mararrabar, 'yan kabu-kabu suna bi ta kansa, tayoyinsu na barin baƙin sawu. Nagoggo, tsohuwar da ke kawo nono daga Banga, tana durƙushe tana tsintar fasasshiyar ƙwaryarta, motoci na danna mata ham.

Rashida na tsaye a bakin titi, ta rungume fayil. Ita ce injiniyar da aka ba tsara sabuwar danjar. Mako uku ta yi cikin rana tana ƙirga motoci da takun mutane, har ta gano mai kaya a ka sai ta ci sakan talatin kafin ta haye. Haka ta rubuta. Yau da aka kunna don gwaji, koren masu tafiya a ƙasa ya ɗauke a sakan tara.

"Ni na rage shi," in ji Alhaji Maiwada, ɗan kwangilar, yana shan rake. "Jiya na haye da ƙafata, direbana na riƙe da agogo. Tara cif. Da tumbin nan fa!"

"Alhaji, kai ba kaya a ka ka haye."

"Gobe manyan baƙi za su zo buɗewa. So kike su tsaya rabin minti suna kallon masu talla?" Ya tofar da tuƙar raken dab da takalminta, ya ɗaga murya. "Ke Inna, a riƙa ɗaga ƙafa!"

Nagoggo ta iso, zanenta sharkaf. "Ɗiyata, kore na gani na shiga. Ko laifi na yi?"

Rashida ta ƙara rungume fayil ɗinta.

Alhaji ya miƙo mata takardar shaidar cewa danja ta yi daidai, da biro mai danƙon rake. "Sa hannu, Injiniya, rana na yi."

Ta dubi biron. Ta juya wajen wata mai nono da ke jiran hayewa. "Yaya, ara mani ƙwaryarki."

Ta tallabo ta da hannu biyu, cike taf.

"Ɗora, Alhaji. In ka kai can a sakan tara, zan sa."

Koren ya kawo, ya ɗauke. Alhaji na nan tsaye, rake a baki, yana kallon ƙwaryar.