Kifin Bayan Katanga

Tun ranar da Mai Firji ya dawo daga ƙasar bakin teku matarsa ta gaya masa cewa bakinsa zai ja musu abin da ba za su iya ɗauka ba. Ya yi mata tsawa, amma ya san maganar da ya yi a can, ya kuma san a gaban wanda ya yi ta.

Kafin tafiyar babu wanda ya kai shi yarda da gwamnati a kan harkar waje. In rediyo ya fara zancen yarjejeniyar zumunci da ƙasar bakin tekun, sai ya ƙara murya ya hana yara motsi. Rediyon kan ce mun gina musu ɗakin sanyi na ajiye kifi, mun kai musu manyan jiragen kamun kifi, mu ne yayyensu. Shi ya matsa wa babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta nemi aiki a ma'aikatar harkokin waje. Ta yi jarrabawa ta ci, saura a kira ta.

Ana cikin jiran nan injin ɗakin sanyin ya mutu, kamfanin da Mai Firji yake wa aiki ya tura shi can ya gyara. Aka haɗa shi da wani tafinta, ɗan ƙasarsu shi Mai Firjin, mutum mai yawan murmushi wanda waya ba ta barin hannunsa.

Ɗakin sanyin ƙato ne, an zagaye shi da katanga mai waya a sama. A gindin katangar mata ne zaune da robobi, ga yara masu siraran ƙafafu suna wasa da yashi ba tare da hayaniya ba. Mai Firji ya ɗauka jira suke a gyara musu kayansu. Ya zage ya kama aiki, ya cire kwamfaresar da ta ƙone, ya ɗaura sabuwa, ya zuba gas. Da injin ya ɗauki ƙugi sai ya fito yana goge hannu, yana jiran godiya.

Matan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, robobinsu babu komai. Wata tsohuwa ta tsaya ta dube shi, ta tofar da yawu kusa da takalminsa, ta wuce.

Ya tambayi tafinta abin da ya yi mata. Tafinta ya yi masa bayani yana murmushi, kamar mai ba da labarin biki. Tun da manyan jirage suka zo, kwalekwalen garin ba sa samun komai. Kifin duk nan yake shigowa, daga nan kuma sai ƙasarmu. Amma in inji ya mutu kifi ya saki, ma'aikata kan watso shi ta bayan katanga kafin ya yi wari. Lokacin ne kawai garin ke cin kifi.

“To ai wannan ba zumunci ba ne,” in ji Mai Firji. “Kwasa muke yi.”

Tafinta ya dai mayar da wayarsa aljihu.

Da ya dawo gida sai ya daina kunna rediyo. Mai aski ya tambaye shi yadda ya ga ƙasar, ya ce lafiya lau, ya biya ya fita da rabin gyaran gemu, yana tunanin wa ya aiko shi ya tambaya. Wata farar mota ta fara tsayawa a bakin layinsu da hantsi, ya riƙa leƙenta ta jikin labule, har matarsa ta ce ta mai kai burodi ce, ta kuma tambaye shi ko gwamnati ta rasa aikin yi ne sai bin mai gyaran firji. Bai yi dariya ba. Daga ma'aikata an riga an kira ƙawar Uwata, wadda ba ta kai ta maki ba. Ita kuwa shiru, kullum tana goge mayafin da ta tanada don ranar farko, tana mayar da shi akwati.

Sai Manajan kamfaninsu ya aiko a kira shi. Yana shiga ofis ya tarar da tafinta zaune a kujerar gefe. Manaja ya ce injin ya sake mutuwa, wannan karon kuma yanke bututu aka yi da zarto, daidai wurin da zai fi ɓarna. Ana so ya koma ya gyara, ya kuma kewaye injin da kejin ƙarfe. Kifin da ya saki, daga yanzu binne shi za a riƙa yi.

“Kai kaɗai ka san cikin injin nan, Malam,” in ji Manaja. Ya ɗan juya biro a hannunsa. “Na ji 'yarka tana jiran kira daga ma'aikata. An ce yarinya ce mai ƙoƙari.”

Mai Firji bai taɓa yi masa zancen 'yarsa ba. Ya dubi tafinta, tafinta ya gaishe shi da kai. Mai Firji ya ce wa Manaja ranka ya daɗe, a ba shi zuwa gobe.

A gida ya tarar da Uwata tana shanya a tsakar gida. Ya zauna a kan benci ya kwashe komai ya gaya mata, har da tsohuwar da yawunta. Ta gama shanya kayan da ke hannunta kafin ta juyo.

“Baba, kai ka ce in nema. Ni aikin asibiti na so.”

Ya ce ya sani. Ta ce in don ita ne kada ya je, amma ba ta dube shi ba da take faɗa, ya kuma ga yadda take murɗa rigar da ta riga ta matse.

Washegari ya koma ofis ya ce zai tafi. Kafin ya gama haɗa kayan aiki aka bugo wa Uwata waya daga ma'aikata, aka ce ta zo ranar Litinin, ba a ce don me ba. Matarsa ta fara hamdala, shi kuwa ya ci gaba da jera sifana a jaka. Jirginsa ranar Asabar zai tashi. Har ya rufe jakar bai san ko aiki za a ba ta ko tambayoyi za a yi mata a kansa ba, bai kuma san ko tafinta ya taɓa kai maganarsa wani wuri ba.