Igiyar Baya

Ranar Asabar ba na zuwa lise, makarantarmu ta sakandare, don haka ni nake kai wa Baba kunu mayanka. Ba na shiga cikin maza. Gefe nake tsayawa har ya gan ni.

Rannan na tarar an kawo wani jan bijimi daga Tignère, ƙahonsa ya kai tsawon hannuna. Irin wannan sa igiya biyu ake sa masa, ɗaya a ƙaho, ɗaya a ƙafar baya. Na gaba su ja, na baya su bi a hankali, in ya taso wa mutane su fizge ƙafar ya faɗi. Baba da ƙanensa Baffa Abakar ne a gaba. Oumar da Christian, masu yi wa Baba fiɗa, su ne a baya.

Sa ya kafe ƙafafu a siminti, ya ƙi gaba. Baba ya naɗe igiya a hannun dama kamar yadda ya saba, suna ja, gumi na zuba, ko taku ɗaya bai yi ba.

Baffa ya waiwaya. "Oumar! Kai da Christian hoto kuka zo ɗauka? Ku zo ku kama mana!"

"Patron, a bar baya ba kowa?" in ji Christian.

"Ya gaji," Baba ya ce yana haki. "Dubi, ko motsi ba ya yi. Ku zo."

Suka yar da igiyar baya, suka dawo gaba. Mutum huɗu yanzu.

Na tuna wani darasi. A satin nan Madam Hélène, malamar fizik ɗinmu, ta sa yara biyu suka ja benci, wannan nan, wancan can, bencin bai gusa ba. Ta ce abu ya tsaya cik ba ya nufin babu ƙarfi a kansa, ƙarfin ne ya ci juna. In wani ɓangare ya fi, ragowar ce take tafiyar da abin, ita ta kira résultante, kuma muddin tana nan gudun ƙaruwa yake yi. Na kalli cinyoyin san nan suna rawa. Bai gaji ba. Ƙarfin maza huɗu yake riƙe da shi, shi kaɗai. To in ya daina ja baya fa?

"Baba!" na ce. Muryata ba ta da girma.

"Ajiye kunun, Mardiya, muna zuwa," Baffa ya ce, bai ko juyo ba.

Sai sa ya sunkuyar da kai ya taho.

Suna jansa gaba, shi ma ya yi gaba. Babu abin da ya rage yana ja baya. Su huɗun suka zube ta ƙeya lokaci guda, na ji ƙarar kan Oumar a siminti. Kafin Baffa ya miƙe ƙaho ya shige masa cinya, ya ɗaga shi sama, ya watsar da shi kan teburin nama. Jini ya yi tsartuwa har bango. Mutane suka watse, wani na ihu da Fillanci a gudu, wani na ihu da Faransanci a rufe ƙofa.

Kowa ya saki igiya ban da Baba. Ta shaƙe masa hannu.

Sa ya zabura da shi. Da farko kamar tafiya, sai sassarfa, sai gudu sosai, Baba na bin ƙasa ta ciki, cikin jini da tumbi da ruwan wanki. Simintin santsi gare shi, bai riƙe Baba da komai ba. Kansa ya bugi bokiti, ya bugi bakin kwata. Hularsa ta tafi. Ina jin yana kiran sunan Allah, daga baya na daina ji.

An rufe ƙofa, sai san ya kewayo ta wajena, igiyar baya na binsa a ƙasa. Ban san lokacin da na yar da kunun ba. Na faɗa kan igiyar na damƙe. Ni nawa nake? Ta ja ni kamar tsumma, fatar tafina ta saɓule, gwiwata ta daki ƙasa. Gudunsa bai ragu da komai ba.

Amma akwai turken ƙarfe da aka kafa cikin siminti, wanda ake ɗaure shanu. Ta gefensa aka ja ni. Na saƙala ƙafa, na wurga sauran igiyar ta bayansa. Christian ya faɗo kaina yana ɗingishi, ya naɗa sau biyu, ya kwanta a kai.

Igiya ta miƙe. Ƙas! Ƙafar san ta karye, ya kife da baki, ƙaho ɗaya ya fashe. Shi ya tsaya. Baba bai tsaya ba. Ya wuce da gudun da yake ciki, ya zarce gaban san, ya daki bango da kafaɗa.

Na rarrafa wajensa. Fuskarsa duk a goge take, ba na gane inda ido yake. Yatsu biyu na hannun dama ba sa wurinsu. Na sa kunne a bakinsa.

"Mamana," ya ce. Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. "Ce musu su yanka shi. Kar ya zama mushe."

Na ɗaga murya na faɗa musu, wannan karon an ji ni. Oumar ya taso yana tangaɗi, ƙeyarsa na jini, ya juyar da kan san gabas, ya sa wuƙa.

An ɗaure wa Baffa cinya da rawani, aka sa shi a motar ɗaukar nama. Baba kuma aka ɗora shi a mashin, na hau bayansa na rungume shi don kar ya zame. Hannayena ba sa rufuwa, da damtse na riƙe shi. Har muka kai asibiti ina jin ƙirjinsa yana hawa yana sauka.