Saƙon da Ya Faɗi Tsakanin Zare Biyu

Injiniya ya jona wayar matarsa da kwamfutarsa, yana zaune a bencin ƙofar ɗakin masu jego. Igiyar gajera ce, dole ya riƙe wayar a hannun hagu yana danne-danne da dama. Kwana biyu ke nan da aka ciro 'yarsu, 'yar wata bakwai, ba ta zo da rai ba. Matar tasa, Auta, da kyar ta sha bayan jijjigar da ta kayar da ita a kicin, kuma tun da ta farfaɗo magana ɗaya take nanatawa: asibiti sun ce sun turo mata saƙo ta zo, ita ce ba ta duba ba, ita ta kashe 'yarta.

Surukarsa ta fito riƙe da fulas ɗin ruwan zafi.

"Injiniya, yau ɗin ma aikin ne? Ka shiga ka ce mata wani abu mana. Ni bakina har ya bushe."

"Yanzu zan shiga, Mama."

"Tun tana ƙarama haka take. A aike ta sayo gishiri, ta dawo da labarin kazar maƙwabta." Ta so ta yi dariya, muryar ta karye. "Kullum waya a hannu, amma abin da ya kamata a gani ba a gani ba. Ban faɗa mata ba dai. Ina zan iya?"

Ta wuce neman ruwa, silifas ɗinta na jan ƙasa.

Rabin manhajar asibitin da ke cikin wayar shi ya rubuta. Kamfaninsu ya yi wa asibitin ita domin masu zuwa awo: a nan mace ke ganin ranar dawowarta, da hoton cikinta, da sakamakon gwaji. Idan nas ta tura saƙo, alamar da ke gabanta ta koma kore, ta san ya isa. Idan ba ta koma ba, sai ta ɗauki waya ta kira. Auta har gori take yi wa matan layin awo, wai su taɓa manhajar da ladabi, mijinta ne ya yi.

A cikin manhajar ma'aikata biyu ne ke aiki a lokaci guda, masu sana'ar suna kiransu zare. Zaren gaba shi ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar waya. Zaren baya shi ke kai-kawo tsakanin waya da babbar kwamfutar asibiti, kuma ba shi da izinin taɓa fuskar ko da ɗigo ɗaya. In ya karɓo saƙo sai ya ajiye a layi, ɗan'uwansa ya ɗauka ya nuna. Injiniya ya daɗe yana son wannan tsari. Yana ganin kamar aure ne mai kyau, kowa da aikinsa, amana na tafiya daga hannu zuwa hannu.

Ya buɗe rajistar da manhajar ke ajiyewa a ɓoye, ya gangara zuwa Talatar da ta wuce ta sama. Ƙarfe goma da minti arba'in da biyu na safe, zaren baya ya karɓi saƙo: hawan jininki da fitsarinki sun nuna haɗari, ki zo asibiti yau. A daƙiƙar nan ya shaida wa asibiti cewa an karɓa, alamar nas ta koma kore. Layi na gaba ya nuna an juya wayar a kwance. Juya waya kan rushe fuskar manhaja a sake gina ta, abin da bai kai ƙiftawar ido ba. A wannan ɗan tsakanin saƙon ya iso layi, ba kowa a gaba.

Layin ƙarshe kalmominsa ne, da salon rubutunsa: ba fuska, an watsar.

Ya tuna ranar. Wata biyar da suka wuce manhajar na ta mutuwa idan saƙo ya zo ana cikin juya waya. Da layi ɗaya na umarni ya kashe matsalar kafin azahar: idan fuska ba ta nan, a bar saƙon. Bai koma ya duba cewa zaren baya ya riga ya ce wa asibiti an karɓa ba. Har tafi aka yi masa a ofis.

Shafin da ke buɗe lokacin da ta juya wayar, hoton cikin ne. Ta kwantar da ita ne don ta ga fuskar 'yar da girma.

Ya daɗe bai motsa ba. Wata mai goge-goge ta zo ta ce ya ɗaga ƙafa, ya ɗaga. Sannan ya shiga rumbun bayanan kamfani, ya nemo saƙonnin gaggawa da suka yi kore amma ba a taɓa buɗe su ba. Goma sha huɗu. Shida daga cikin matan ba su haihu ba tukuna.

Ya kira ogansa.

"Allah ya ba ku haƙuri, ɗan'uwa," in ji Oga bayan ya saurara. Ana jin ya tashi ya rufe ƙofa. "Wa ka faɗa wa?"

"Kai ne na farko."

"To ya tsaya a nan. Ka gyara, ranar Litinin mu tura sabuwa, mu ce ƙananan gyare-gyare ne. Kuma kada ka turo mini komai a rubuce."

"Akwai mata shida, Oga."

"Za mu sake tura musu saƙon shiru, ba wanda zai sani. Ka yi tunani mana. Kai ka rubuta, ni na sa hannu. Bar ma maganar kamfani. Madam za ta iya sake kallon fuskarka?"

Injiniya ya kashe wayar. Tambayar ce tun ɗazu ke cin sa.

Auta na kwance ta juya wa ƙofa baya, robar ƙarin ruwa a hannunta. Ta rame a kwana biyu, kitson da ta yi na shirin haihuwa yana nan sabo. Ya ja kujera ya kama yatsunta. Shekara huɗu yana kama yatsun nan, bai taɓa jin su da sanyi haka ba.

"Ka ci abinci?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Na ci."

"Ƙarya. Ko ƙarya ba ka iya ba, Injiniyana." Ta ƙura wa bango ido. "Na yi ta lissafi. Ranar nan ina cikin manhajar fa. Ina kallon hancinta, ina cewa naka ne. Saƙo yana nan a gefe, ni ina kallon hanci. Wace irin uwa ce wannan?"

Da zai yi shiru, da ta jingina da shi ta yi kuka, shi kuma ya zama mijin kirki mai yafiya har ƙarshen rayuwarsu. Ya ga wannan rayuwar a fili, da ɗuminta da komai.

"Auta, saƙon bai taɓa fitowa a wayarki ba."

Ta juyo a hankali.

"Ya zo lokacin da kika juya wayar. Manhajar ta watsar da shi, ta ce wa nas ya isa. Ko shekara kika yi kina dubawa ba za ki gan shi ba."

"Ta watsar? Ita kaɗai?"

"An rubuta mata ta yi haka. Ni na rubuta."

Ta kalle shi kamar mai karanta takarda da ƙananan haruffa. Ba ta yi kuka ba. Ya ga wani nauyi ya sauka daga kafaɗunta, ya kuma ga inda ya koma. Ta zare yatsunta ta mayar ƙarƙashin bargo.

"Ni kaɗai?"

"Ku goma sha huɗu. Shida suna da cikin har yanzu."

"To me kake yi a nan?"

Ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya.

"In na gama, in dawo?"

"Ka ce wa Mama ta shigo," in ji ta, ta mayar da fuskarta bango.

Teburin nas yana ƙarshen baranda. Wadda ke kan aiki na cike wata takarda, ta ɗago ta gan shi rungume da kwamfuta.

"Injiniya, lafiya? Jikin nata ne?"

Ya ajiye kwamfutar, ya juya mata fuskarta.

"Sista, ɗauko wayar ofis. Zan karanto miki lambobin mata shida, sannan ki kai ni wurin babban likita."