Ragowar Kawu Shu'aibu

Duk shekarun da Mufida ta yi a Denmark, ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. Daga makarantar koyon girki ta samu gurbi a kicin ɗin Torben, mutumin da ya fara da wanke-wanke a wani ɗan otal na bakin teku, ya wayi gari sai an yi watanni ana jiran kujera kafin a ci abincinsa. Sunan da ya yi kuwa da tsintar ciyawa ya yi shi. Abin da akuyar ƙasar su Mufida za ta tsallake, shi zai tsinko ya ɗora a faranti, manya su ci suna lumshe ido.

Shekarar farko Mufida ba ta taɓa tukunya ba, sai tsinkar ganye da matsefata. Sanyi ya farfasa mata yatsu. Azumi ya same ta a tsaye gaban wuta, ga rana ta ƙi faɗuwa. Ta cije, har ranar da Torben ya bar mata sashen kifi. Doka ɗaya ce ta shige mata jini a gidan: in faranti ya dawo da saura, Torben zai tsayar da aiki, ya ɗanɗana, ya tambayi wanda ya dafa. Farantin da ya dawo tas, shi ne yabo.

Da ta dawo Yelwa, abu ɗaya take so: rumfar abincin Inna, mahaifiyarta, ta bakin ruwa, inda jiragen ruwan garin Wara ke tsayawa ranar kasuwa. Gwiwoyin Inna sun gaji, amma bakinta bai gaji ba.

"In ba ki rumwa ki yi mi da ita? Wanga abu da kika nuna min ga waya, ganye ukku da hure bisa, ko kyanwa aka ba sai ta kai ƙara."

"Inna, sarakuna na cin shi."

"Shi ya sa ba su da wuya. To, ji nan. Jibi Kawunki Shu'aibu na tahe. Ke za ki ciyar da shi. In ya tashi da ƙoshi, rumwa taki ta. In ko ya tashi da yunwa, ki koma ma mai tsintar ciyawarki."

Kawu Shu'aibu yayan Inna ne, mai jirgin fasinja, wanda matan Wara ke ƙara mudu biyu a tukunya in sun ji zai zo biki. Mufida ta ce ta yarda, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Ranar, tun da sassafe aka gan ta a bakin ruwa da kwando, tana tsintar lansir da 'ya'yan bado. Masu wanki suka riƙa taɓa juna: ga abin da Turai ke mayar da ɗiyar mutane.

Da hantsi Kawu ya baje a zaure, ya wanke hannu har gwiwa. Mufida ta durƙusa ta ajiye masa faranti. 'Yan warangi ne soyayyu, waɗannan ƙananan kifayen tafki, an jera su kan ganyen zogale da ɗigon tsamiya. Kawu ya duba farantin, ya leƙa bayanta ko akwai mai biyo ta da kwano.

"Ɗiyata, wanga na gani ne ko na ci?"

"Na ci ne, Kawu."

Loma ɗaya ya yi. Ya ɗaga gira, sannan ya bi farantin da yatsa ya suɗe. Mufida ta koma cikin gida kamar wadda aka yi wa bushara. Inna na ganin farantin ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Baƙo ya suɗe kwano gidana? Mufida, kin kashe ni da raina!"

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. A nan, baƙon da ya ƙoshi yakan rage ko loma ce a kwano, don masu gida su san sun fita kunya. Kwanon da ya dawo wayam yana nufin an bar mutum da yunwa. Ta san haka tun tana 'yar ƙarama, Torben ne ya wanke mata shi daga kai.

Inna ta rarrafo za ta ɗora ruwan tuwo. Mufida ta tsaya tsakaninta da murhu.

"Ni kika ce in ciyar da shi, Inna. Ban gama ba."

Ta kai albasar Yauri da ta kwana cikin toka har ta yi zaƙi, da ɗan romon daddawa. Farantin ya dawo tas. Kawu ya sa hula, ya fara addu'ar tashi, sai ga ta da fatar giwan ruwa mai ƙaras-ƙaras. Ya cire hular.

"Ke, wai abincin nan naki hwasinjan Wara ne? Ɗai-ɗai yake zuwa, sai ka tada inji ka ji ana kira."

Haka aka yi ta yi. Shinkafa da 'ya'yan bado, kyafaffen tarwaɗa cikin yakuwa, fara da lansir. Aka kira azahar, Kawu ya je ya dawo, ya sassauta tazuge, ya ci gaba. Duk farantin da ya dawo wayam, rabin zuciyar Mufida sai ya yi tsalle, rabin ya faɗi. Inna kuwa sai jan carbi take tana hararar murhu.

Daga ƙarshe abu ɗaya ya rage: ɗan curin fura kamar ƙwan tattabara, cikin nono mai sanyi da maɗin ɗinya.

"Ki ƙara mai ko dunƙule guda," Inna ta ce a hankali. "Ba ni hwaɗa ma kowa."

Mufida ta dubi ƙwaryar fura, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ɗauki farantin yadda yake ta fita.

Kawu ya jingina da bango, gumi na bin wuyansa. Ya kalli ɗan curin kamar mai kallon kaya bayan jirgi ya cika. Ya sa cokali ya raba shi biyu, ya ci rabi, ya numfasa, ya turo sauran.

"Kai ma uwarki. Ki ce ta yahe min, aradu babu wuri. Abu kamar wasa, an kayar da ni da tsakuwa."

Tana shiga tsakar gida hannunta ya kai ga cokali da kansa, za ta ɗanɗana ta ji inda ta yi kuskure. Inna ta fizge farantin, ta ɗaga shi sama, ta rangaɗa guɗa har kajin gidan suka watse.

"Rumwa taki ta. Amma 'yan jirgi ba su da yini guda na zama. Ki haɗa musu duka ga kwano guda."

"Za mu gani," in ji Mufida.

Kafin Inna ta cinye ragowar, Mufida ta ɗauki hoton farantin ta aika wa Torben, ba ta rubuta komai ba. Ba a jima ba amsa ta shigo: me ya same shi, wa ya dafa?

Ta goge hannu a zane ta rubuta masa: "Ni na dafa. Kuma tunda nake girki ba a taɓa yabona haka ba."