Layin Abijan

A gidan wayar Madawa, farkon shekarun tamanin, akwai wani ɗan ɗaki da ko akuya aka ɗaure ciki sai ta yi ƙorafin matsi. Nan Madam Lalla take zama gaban allon haɗa tarho, tana soka igiya a wannan rami tana zare ta daga wancan. Nan kuma aka turo Mairamu, ƴar Bangi, ta koyi aikin bayan ta gama kolej.

Madam Lalla mutuniyar Keita ce, siririya, ba ta san lallashi ba. Haɗa layi kam Mairamu ba ta jima ba ta iya. Abin da Madam ta fi naci a kai shi ne fita: da mai kira da wanda aka kira sun ji juna, ki janye kunnenki. Tarhon garin duka ba yawa, na komanda mai mulkin garin, na likita, na jandarma, sai na ƴan kasuwa ƙalilan, amma duk asirin Madawa ta cikinsu yake bi. Matan unguwa sun san haka. Shi ya sa Mairamu ta yi farin jini farat ɗaya, har waɗanda ba su taɓa amsa gaisuwarta ba suka fara aiko mata da fura.

"Sha hurarsu, ki yi godiya," in ji Madam. "In sunka tambaye ki, ke ba ki san komi ba."

Wata ranar kasuwa da hantsi aka kira daga Abijan, ta Yamai, ana neman Alhaji Arzika mai shago, wanda ƴan cin rani ke bi ta kansa su aika saƙo ƙauye. Layin sai ƙara yake yana yankewa. Mairamu ta tsaya ta tabbata ya kama, ta kuma ƙara ɗan tsayin da ba a sa ta ba.

"Alhaji, a hwaɗa ma mutanen Bangi… Almu… mota ta… jiya munka yi mishi sutura."

Almu. Mijin yayarta Zaliha, wanda ke Abijan tun bayan girbi. Ita kuwa Zaliha a wannan lokacin tana nan Madawa, ta zo awon ciki, tana gidan gwaggonsu tana jiran ƙanwarta ta tashi aiki.

Mairamu ta cire abin kunnen da take sauraron layi da shi ta miƙe. Madam Lalla ta dube ta ta gefen ido, ko juyowa ba ta yi ba.

"Zamna. Na ga huskarki. Kin ji abin da ba naki ba."

"Madam, mijin yayata ne. Ya rasu."

"Allah shi jiƙan musulmi. Wa ya aike ki?"

"Ƴar'uwata ce, ciki ɗaya."

"Shi ya sa ba ke za ki hwaɗa ba. Saƙon ga na da mai shi, kuma ya san yadda za shi kai shi. Ke guntu kinka tsinta, kamar kaza a bakin turmi. In kin hita da shi, kada ki komo ɗakin ga."

Ran nan Mairamu ta tsani matar nan har cikin ranta. Ta zauna dai, tana haɗa layi hawaye na ɗiga kan hannunta, Madam kuma ba ta ce mata sannu ba.

Da la'asar ta tarar da Zaliha a tsakar gida ta baje tsarabar kasuwa: atamfa, sabulu, da ƴar hular jariri.

"Madam tarho ta iso," in ji Zaliha tana dariya. "Ke da ke jin duniya duka, mutanen Abijan ba su kira ba? Shi mai gidan ya ce kahin in sauka za shi komo."

Saura kaɗan Mairamu ta faɗa mata. Yaya ce da ta goye ta, ta yi mata kitso, ta rufe mata laifi gaban Inna ba sau ɗaya ba. Ga ta tana gwada hula a dunƙulen hannu, Mairamu kuwa ta san abin da ta sani. Ta ji kamar cin amana take yi.

"Ni haɗawa nikai, Yaya, ba ji ba," ta ce, ta shige ɗaki wai kanta ke ciwo.

Washegari ta raka Zaliha tasha. Sai ga Malam Umaru, dattijon da Alhaji Arzika ke aikawa in saƙo ya yi nauyi, yana shiga motar Bangi da carbi a hannu. Mairamu ta ruga gidan waya ba numfashi, ta roƙi a bar ta ta bi su. Ta zaci faɗa za ta sha. Madam Lalla ta dube ta ta ce, "Tahi. Zamna kusa gare ta, ki riƙe mata hannu, wanga ba wanda ya hana ki. Zan riƙe miki aikin."

Hanyar Bangi ba ta taɓa yi mata tsawo irin na ranar ba. Zaliha na ta hira da Malam Umaru kan tsadar gero, shi kuma yana amsawa da ladabi, bai ɗaga kai ba.

Suna isa, dattijon ya nufi gidan liman. Mairamu ta shigar da yayarta gida, ta shimfiɗa mata tabarma, ta dawo ta tsaya bakin darni tana leƙe. Ba a jima ba sai ga su, Malam Umaru da liman da wasu dattawa biyu, suna tafe a hankali cikin lungun. Suka zo daidai ƙofar. Suka wuce.

Gidan gaba suka yi wa sallama, gidan maƙwabcinsu Maiguwa. Ashe mamacin wani Almun ne, ɗansa, wanda Mairamu ta bari yaro yana kiwon tumaki, ya girma ya yi aure, ya bi ƴan'uwa Abijan bana. Kukan matarsa Cima ya tashi ta bayan darni.

Mairamu ta durƙushe a wurin. Hamdala ce ta fara fitowa daga bakinta, sai kunyar hamdalar ta biyo baya, don ga wata can ta shiga takaba. Da ta buɗe baki jiya, da mai tsohon ciki ta kwana tana kukan mijin da ke raye, kuma Allah kaɗai ya san abin da cikin zai yi. Zaliha ta fito da mayafi za ta shiga maƙwabta, ta gan ta a ƙasa, ta ɗago ta.

"Tashi mu tahi wurin Cima. Ke dai akwai tausai."

Da ta koma aiki, Mairamu ba ta yi gaisuwar bonjur ta Faransanci kamar yadda aka saba ba. Cikin ɗan ɗakin nan da babu wurin juyawa ta durƙusa har ƙasa, ta gaida Madam Lalla irin gaisuwar da take yi wa Inna. Godiyar da ta shiryo tun daga Bangi ta ƙi fitowa.

Madam ba ta tambaye ta wanda ya rasu ba. Ta miƙa mata abin kunne.

"Tashi, ɗiyata. Garin Tawa na kira."