Farar Ɗamarar Baba Fes

Wata goma sha huɗu Baba Fes ya yi yana ɗaura farar ɗamara, a makarantar da ko malalacin ɗalibi ba ya wuce wata shida da ita.

Makarantar ta kareti ce, a saman bene, daidai kan shagon masu sayar da taya. Sabon shiga farar ɗamara ake ba shi, in ya ci jarrabawar farko a sauya masa da rawaya. Baba Fes kuwa mai wanki da guga ne, shagonsa na tsallaken titi, kuma shekara tara shi ke wanke wa ɗaliban fararen kayansu. Su suka laƙaba masa Fes, don in ya miƙo maka rigarka sai ka ji nauyin saka ta. Abu ɗaya ne yake ba shi haushi da su: kowa ya kawo riga da wando, amma ba a taɓa kawo masa ɗamara ba. Yakan hango su suna saukowa daga bene da ɗamara duk ta yi dauɗa, sai ya girgiza kai ya ce a ransa, 'ya'yan mutane masu hankali, amma ƙazanta ta kama su a ƙugu.

Bai taɓa taka benen ba sai bayan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye wata safiya, yana tsakar matse zanin gado. Ƙafar ta dawo da wuri. Hannun ne ya yi taurin kai, yatsu uku suka ƙi naɗuwa, suka tsaya cirko-cirko. Likita ya ce ya nemi motsa jiki, ya tsallaka titi da shekarunsa hamsin da tara ya ce a rubuta shi. Malamin makarantar, wanda a haife Baba Fes ya haife shi, ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Da hannu biyu ya miƙa masa farar ɗamara, kansa a sunkuye.

A watannin farko da hannun dama yake ƙulla ta, ya danne ɗaya bakin da gwiwar hannun hagu. Waɗanda ya tarar sun wuce. Waɗanda suka zo bayansa ma suka wuce. Wata yarinya mai sayar da katin waya, da ta zo ba ta san damanta da hagunta ba, ta yi rawaya, ta yi ruwan lemo, har ta fara gyara masa tsayuwa tana cewa, “Baba, ƙara buɗe ƙafa kaɗan.” Duk ƙarshen wata Malam yakan tsaya gaban wani dogon madubi mai tsaga, ya bi layi da ido yana kiran waɗanda za su yi jarrabawa. In ya zo kan Baba Fes sai ya dubi ƙugunsa, ya ɗan rusuna, ya wuce. Abin yana yi wa dattijon ciwo ƙwarai, amma shi ba mutumin da zai tambayi sa'an ɗan cikinsa dalili ba ne.

Sai ya koma shago ya huce a kan ɗamarar. Ya jiƙa ta, ya cuɗa, ya ɗauraye sau uku, ya tsoma a bula, ya ba ta sitaci, ya bi ta da dutsen guga har ta iya tsayuwa da kanta. In ba a ba shi rawaya ba, ai dai ba za a ce an ga fararsa da dauɗa ba.

Lokacin da ya fi so a duniya shi ne tsakar rana, in titi ya yi tsit. A bayan shagon akwai ɗan fili da igiyoyi huɗu, a nan yake shanya kayan ɗalibai. Yakan zauna bisa kifaffen baho, ƙamshin sabulu da ɗumin gawayi suna ratsa shi, ya zuba wa rigunan ido. Iska in ta taso sai su cika su batse, hannuwansu su ɗaga tare, su kai naushi, su juya, su sauke. Layi huɗu na mutane marasa kai, ba mai kuskure, ba mai haki. Idonsa ya yi nauyi, ya ga tasa rigar a cikinsu, hannunta na hagu ya fi na kowa ɗagawa, rana ta zubo ta tsakanin rufin kwano ta kewaye ƙugunta da wani haske rawaya. Haka zai yi ta kallo har wani ya ƙwanƙwasa kanta ya ce ya zo karɓar kaya.

'Yarsa ce ba ta ga abin mafarki a ciki ba. Ma'aikaciyar jinya ce, sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa yake ce mata Uwata, ita kuma ta ɗauki sunan da gaske. Tun kwanciyarsa asibiti take so ya rufe shagon ya koma gidanta. Ta gyara masa ɗaki, da kujera mai taushi a bakin taga. Baba Fes ya taɓa zama a kujerar nan sau ɗaya, ya ji kamar an naɗe shi an ajiye a kanta.

“Baba, dutsen gugan nan fa da garwashi a cikinsa,” in ji ta wata rana. “Rannan na ga ƙuna a hannunka, ka ɓoye min.”

“Mai guga ne ba zai ƙone ba? Uwata, hannun nan ya warke.”

“In ya warke me ya sa malaminku bai ba ka ɗamarar ba? Shi ne mai ganinka kullum. Yara suna yin wata uku su samu, kai ka haura shekara.”

Maganar ta same shi a inda yake ciwo, sai baki ya riga hankali. “To shi ke nan. In aka kira 'yan jarrabawar watan nan ba ni ciki, zo ki karɓi mukulli.”

Ranar Alhamis aka kira. Malam ya zo kansa, ya dubi ɗamarar da ke ta sheƙi, ya rusuna, ya wuce. Da Baba Fes ya sauko ya tarar da Uwata a ƙofar shago, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ya ciro mukullin daga aljihu ya miƙa mata, ya juya fuska wajen igiyoyin da babu kowa a kansu.

Ta samu abin da take so, amma ganin ƙeyarsa ya hana ta jin daɗi. Ta jefa mukullin a jaka ta ce, “Mu je in ji daga bakinsa.”

“Kada ki kunyata ni.”

“Tambaya kawai zan yi, Baba.”

Sun tarar ɗalibai sun watse, Malam shi kaɗai yana jera katifun roba a jikin bango. Ya gaishe su yana goge hannu a wando.

“Malam, don Allah wata nawa sabon shiga yake yi kafin ya samu ɗamarar farko?” ta tambaya.

“Uku zuwa huɗu, Anti. Mai nauyin jiki ya yi shida.”

“Mahaifina wata goma sha huɗu. Ka faɗa min gaskiya, ni ma'aikaciyar asibiti ce, ba abin da zai ba ni tsoro. Hannun ne?”

Malam ya buɗe baki, ya dubi Baba Fes, ya dube ta. “Wane hannu? Baba ai tun wata na biyar ya isa. Shi ne yake ƙi.”

“Ni?” in ji Baba Fes. “Ni nake ƙi? Yaushe ka kira ni na ƙi?”

“Baba, kullum fa sai ka wanke ta.”

A ƙasa masu taya suna ta buga ƙarfe. Sannan Malam ya yi bayani, yana yi yana sosa kai. A makarantar nan ba a wanke ɗamara. Haka ya gada daga nasa malamin, shi ma haka ya tarar. Ba rajista yake dubawa ba, ɗamara yake dubawa: in zufa da ƙurar katifa suka rine fara ta yi duhu, mai ita ya ce ke nan a gwada shi. Wanda kuwa ya ga bai shirya ba, ba sai ya buɗe baki ya ji kunya a gaban jama'a ba, sai ya wanke tasa ya zo da ita fes, Malam ya gane ya ƙyale shi. Yakan faɗa wa sababbin shiga wannan a ranar farko, amma ina shi ina koya wa Baba Fes abin da ya shafi wanki? Mutumin da ya shekara tara yana karɓar kayansu ba ɗamara, ai ya ɗauka ya fi kowa sani.

“Wallahi Baba har misali nake yi da kai,” ya ce. “Ina ce wa yara ku dubi dattijon nan, ya fi ku iyawa, amma kullum sai ya ce da saura. Rusunawar da nake yi maka ke nan.”

Baba Fes ya nemi benci ya zauna. Ya tuna bahon bula, ya tuna sitacin da ya ƙarar, ya tuna yadda yake ɗaga ɗamarar a rana yana neman ɗigon datti ya kashe. Ashe da hannunsa yake wanke jarrabawarsa duk yamma, ya bi ta da guga. Dariya ta ƙwace masa.

“Shekara tara ina zaginku a raina,” ya ce. “Ina cewa ƙazamai.”

“Ai mun ga harara, Baba, dalilin ne ba mu sani ba. Fuskarka ba ta ɓoyewa.”

Uwata dai ba ta yi dariya ba. “Na ji,” ta ce. “Amma ni ba ɗamara na zo nema ba. Sai na gani da idona.”

“Jibi Asabar, ƙarfe huɗu,” in ji Malam. “Baba, don girman Allah, kwana biyun nan ka bar ta ta huta.”

Kwana biyun sun fi wata goma sha huɗun tsawo. Shago a rufe, mukulli na jakar Uwata. Ɗamarar na rataye a ƙusa a ɗakinsa da wani ɗan tabo a inda ƙulli yake zama, tabon yana kallonsa yana kallon tabon. Sau biyu ya tsinci kansa tsaye da sabulu a hannu.

Ranar Asabar rana ta shigo ta tagogin benen a karkace, ta kwanta a kan katifu. Su bakwai ne 'yan jarrabawa, shi ne na ƙarshe. Uwata na zaune a benci, jaka a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Da aka kira shi ya fito tsakiya, ya rusuna. Malam ya ba da umarni.

Daga nan bai ƙara jin masu taya ba. Ya ji kamar iskar bayan shagonsa ce ta biyo shi sama, ta shiga rigarsa ta cika ta. Ya tare, ya taka, ya kai naushi, ya juya. Bai tuna ƙirga ba, jikin ne yake tafiya da kansa, yadda hannu yake bin kwalar riga da dutsen guga ba sai an gaya masa ba. A madubi mai tsaga ya hango wani dattijo cikin fararen kaya yana motsi a hankali, ba gaggawa, kuma ya ɗan jima kafin ya gane ko wane ne. Sai ya ji ihunsa na ƙarshe ya daki bango ya dawo, ɗalibai suna tafi, mai katin waya har da tsalle.

Malam ya zo da rawayar ɗamara a kan tafukansa biyu. A nan ba a ɗaura wa mutum, shi ke ɗaura wa kansa. Baba Fes ya kwance farar ya naɗe, ya zagaya sabuwar a ƙugu sau biyu, ya zura, ya kama baki ɗaya da dama, ɗaya da hagu, ya ja. Ƙullin ya zauna daram. Shi bai ma lura da abin da ya yi ba, don ya daɗe yana yin haka, bai san ranar da ya daina dannewa da gwiwar hannu ba.

Uwata ta lura. Ta taso ta tako katifa da takalminta, ba wanda ya iya ce mata ta cire. Idonta ya ciko.

“Baba, kawo hannun. Ba wannan ba, na hagun.”

Ya miƙa. Ta ɗora masa mukullin a tafi, amma ba ta saki zoben ba. Yatsun nan uku suka naɗe a kansa tare da 'yan'uwansu. Ta ja, bai zo ba. Ta ƙara ja da ƙarfinta na mai ɗaga marasa lafiya, har ta ɗan gusa gaba, mukulli yana nan inda yake.

“Uwata,” ya ce a hankali, “sakar min, akwai kayan mutane a jiƙe tun Alhamis.”

Ta saki.